Yadda Za Ka Tono Tarihin Tsohuwar Rijiyar Unguwarku

Ɗan ƙanwata da ke aikin gona a Sifaniya ne ya jawo mini wannan aiki. Da azumin bara ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, ya ce, "Kawu, kai mai son kayan da, ga naka." Wani wurin ɗibar ruwa ne na jama'a a garin Okanya, lardin Toledo, kudu da Madrid. An gina shi tsakanin 1573 da 1578, zamanin Sarki Filib na Biyu, kuma har yau ruwa na zuba. Ina kallo sai rijiyar bayan masallacinmu a nan Argungu ta faɗo mini a rai, wadda aka rufe bakinta da kwano aka danne da tsohuwar taya. Na ƙare aikin koyar da tarihi ban taɓa tambayar wanda ya gina ta ba. Ga hanyar da na bi daga baya, ko wani zai so ya yi wa tasu unguwar.

Kafin komai ka je wurin mai unguwa ka faɗa masa nufinka. Baƙon da aka gani yana leƙa rijiya da biro da takarda, kowa da abin da zai raya a ransa.

Daga nan ka fara da suna. Mutanen Okanya na kiran nasu Fuente Grande, wato Babban Famfo, wasu kuma su ce Sabon Famfo, domin akwai wani a garin da ya girme shi. Abu ya haura shekara 440 ana ce masa sabo, kamar dai Sabon Birni. Sunan kaɗai ya gaya maka akwai na gaba da shi da za ka nema. Haka Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo a Kano: suna ya rayu, har ya zama na unguwa. Ka rubuta duk sunan da ka ji, har na tsokana. Su Sifaniyawa kalmomin ruwansu ma tarihi ne: tankin ƙarƙashin ƙasa suna ce masa aljibe, daga Larabci al-jubb, kalmar da muke karantawa a Suratu Yusuf, hanyar ban-ruwa kuwa acequia, daga as-saƙiya. Gadon mulkin Musulmi ne na Andalus, daga 711 zuwa 1492. Amma a yi hattara, mu akwai mu da saurin cewa namu ne. An gina famfon Okanya shekara 80 da ɗoriya bayan faɗuwar Garnada, birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmi a can, Kiristoci ne suka gina abinsu.

Sai ka bi ruwan. A Okanya famfon yana cikin kwari, gangarawa ake yi a same shi, ruwan kuma ta ramukan ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, waɗanda aka gina har mutum na iya tafiya a ciki. Madrid kanta da irin waɗannan ramuka ta sha ruwa, sai a 1858 aka jawo mata na kogi. A wurinmu tambayar ita ce: me ya sa aka haƙa a nan? Dubi gangaren ƙasa, dubi nisanta da fadama. Nemi tsohon mai ginar rijiya, shi zai gaya maka gaba nawa ce, ruwanta mai daɗi ne ko na zartsi, tana ƙafewa da bazara ko a'a. Zurfi kuwa da igiya da dutse ake aunawa. Kada ka shiga, kada ka tura yaro. Iskar tsohuwar rijiya na kisa, shi ya sa masu yasa ke fara zura fitila su ga ko za ta mutu.

Jikin rijiyar shi ne inda na fi daɗewa. Da muka ɗaga kwanon, na durƙusa na shafa bakin. Igiyar guga ta ci simintin ta yi kwari-kwari, yatsuna uku na shigewa a wani gurbin, kuma duk gurabun sun fi zurfi ta gabas, ɓangaren da gidaje suka fi yawa a da. Ƙarƙashin simintin ga guntun icce baƙi ƙirin ya leƙo, irin wanda ake gindayawa a bakin rijiya kafin zuwan siminti. Ka ga ke nan ramin ya girmi murfinsa. Nan mutane ke tafka kuskure: su ga shekara an rubuta da tsinke a ɗanyen siminti, su ce ranar aka haƙa, alhali ranar gyara ce, wataƙila ta zamanin En'e. Ka duba gefe kuma. A Okanya an raba wurin: ga inda mutane ke tara tulu, ga inda dabbobi ke sha, ga dogayen kwamaye biyu na wanki. Mu ma mun tarar da gurbin komi a yamma da tamu, alamar shanu sun sha a nan.

Yanzu sai tsofaffi, kuma mata za ka fi nema, don su suka ja guga. Ka riƙe goro, ka tafi da maiɗakinka ko 'yarka. Kada ka ce, "Inna, a wace shekara?" Ba za ka samu komai ba. Ka ce, "Inna, lokacin da aka kawo ki gidan nan, da siminti a bakinta?" Ka ɗaure maganar da abin da kowa ya sani: canjin hannu na 1972, zuwan naira a 1973, farin da aka yi a waɗancan shekarun, ko zamanin Sarki Muhammadu Mera. Wata tsohuwa ta gaya mini cewa amarya ba ta ɗiba a nan sai uwar miji ta raka ta ranar farko, abin da babu takardar da za ta faɗa maka. Kada ka manta da tsofaffin 'yan garuwa. Ka ji daga baki uku, kowa shi kaɗai, domin in ka tara su wuri ɗaya, mai ƙarfin murya ne zai rubuta maka tarihi.

Takarda ce ta ƙarshe. Gwada gidan tarihi na Kanta a nan Argungu, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ka tuna sai a 1991 aka cire Kebbi daga Sakkwato, don haka a ƙarƙashin Lardin Sakkwato za ka nemi tsofaffin fayiloli.

Abin da ka tara ka rubuta shi da Hausa, ka ware abin da ka gani da idonka daga abin da aka gaya maka. Ni kwafi uku na yi: na mai unguwa, na liman, da na makarantar firamare. Na kuma ɗauki hoton rijiyar na tura wa yaron a Sifaniya. Da ya amsa, bai ce komai kan tarihin ba, sai, "Kawu, don Allah ku fara cire tayar nan, zan turo kuɗin murfi."