Kurakuran da aka fi yi game da hawan jini da fitsarin dare

Mutum zai sha rana a kasuwa, da goro a baki, ya faɗa kemis a ɗaura masa abin awon jini, ya ga lambar sama ta kai 150, hankalinsa ya tashi. Wani kuma a auna shi sau ɗaya a ce lafiya lau, ya ajiye magani. Duka biyun sun ɗauka jini a tsaye yake wuri ɗaya, alhali yana da lokutansa. Cikin barci yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Gab da asuba sinadaran renin da aldostiron, masu sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, sukan ƙaru, sinadarin kotisol mai shirya jiki don farkawa ya biyo baya, jini ya hau. Shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi aukuwa tsakanin safiya da hantsi.

Gyaran shi ne a auna da safe kafin karin kumallo da shan magani, a sake da dare, sau biyu kowane zama, har kwana 7. A zauna minti 5 tukuna, kuma a bar goro, shayi da taba na rabin awa. Matsakaicin awon gida da ya kai 135/85 sai a kai wa likita.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne dukan yaro mai fitsarin kwance, ko a tara masa yara su bi shi da tsokana. Akwai sinadarin basofresin da ƙwaƙwalwa ke ƙara saki da dare don ƙoda ta rage haɗa fitsari. A jikin wasu yaran wannan ƙarin bai daidaita ba tukuna, mafitsara ta cika suna tsakiyar barci. Yaron bai sani ba, balle a ce ganganci ne. Ya sha ruwansa sosai da rana, a rage bayan magariba, ya zaga kafin ya kwanta. Idan ya wuce shekara 5 abin na damunsa, a je asibiti, akwai magani.

Tsofaffi ma wannan ƙarin na dare yakan yi rauni a jikinsu, ga ruwan da ya taru a ƙafa da rana yana komawa cikin jini da zarar an kwanta. Sai ka ga Baba ya ƙaurace wa ruwa wuni guda don gudun tashin dare, a zafin bazara. Wannan wahalar da ƙoda ce kawai. Ya sha da rana, ya ɗan ɗora ƙafafu kan matashi da la'asar.

Maganin hawan jini mai sa fitsari da safe ake shan sa. Sauran kuwa, binciken da aka fitar a Birtaniya a 2022 kan mutum kusan 21,000 bai ga bambanci tsakanin shan safe da na dare ba wajen kariya daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, don haka a tsaya kan lokacin da ba za a manta ba. Mai niyyar azumi ya tambayi likitansa tun cikin Sha'aban yadda zai sauya lokacin.