Kafin ka sauya sensar oksijin, ka tabbata ita ce ta lalace

Sensar oksijin 'yar aike ce. Tana ɗaure a jikin bututun salansa, tana auna hayaƙin da ke fita, tana sanar da kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi, kuma da rahoton sensa kwamfuta ke riƙe wannan daidaito. Bosch ne ya ƙera ta, Volvo ta fara sa ta a mota a 1976.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gaggawar da ake yi wajen yanke mata hukunci. Fitilar inji ta kama, an jona na'urar bincike, lamba ta fito, sai a ce a sayo sabuwa. Idan lambar P0171 ce, ma'anarta iska ta rinjayi mai, kuma sau da yawa tiyo ne ya tsage ko famfon mai ya yi rauni, sensa gaskiya ta faɗa. P0420 yawanci matatar hayaƙi take nufi, wato tukunyar da ke jikin salansa mai rage gubar hayaƙi. P0135 kuwa matsalar hitar da ke cikin sensa ce, don haka ka fara duba fiyus da waya. Ko ɗan huji a salansa kafin wurin sensa yana jawo iska ya ruɗa ta.

Ni nakan bar inji ya yi zafi, domin sensa ba ta aiki sai ta haura digiri 300 na Salshiyas, sannan in kalli karatunta. Tsohon samfuri mai lafiya yana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9 na ƙarfin lantarki. In ya tsaya cak ko yana jan jiki, ya gaji. Amma wasu sababbin motoci suna da wani nau'i a gaba wanda ba ya rawa haka, kada ka zarge shi a banza.

In ta tabbata ita ce, ka gane wacce. Sensa ta 1 tana gaban matatar hayaƙi, ta 2 tana bayanta. A inji mai layin silinda biyu, ɓangare na 1 shi ne inda silinda ta farko take. Ka sayi mai lambar da ta dace da motarka, mai soket ɗinta. Ba na son irin wadda ake yanka waya a haɗa, domin a wasu samfura ta cikin wayar iskar waje ke shiga, dalma kuwa tana toshe hanyar.

Ka ɗaga mota ka tokare ta da abin tokarewa na ƙarfe, kada ka shiga ƙasa jak kaɗai na riƙe da ita. Ka fesa man sassauta tsatsa a gindin sensa ka ba shi lokaci. Salansa mai ɗumi ya fi sakinta, mai zafi kuma yana ƙona hannu. Ka zare soket ɗin waya tukuna, sannan ka sa sifana mai lamba 22, gara irin mai tsaga da aka yi don wannan aiki. In ta cije, ka riƙa kaiwa da komowa a hankali, kada zare ya lalace.

Sabuwar ka fara ɗaura ta da hannu har ta zauna, sannan ka matse daidai yadda littafin motar ya ce. Yawancinsu suna zuwa da man hana cijewa a zare. Kada ya taɓa bakinta. Ka mayar da waya cikin maƙalanta, nesa da salansa, ka goge lambar matsalar da na'urar bincike, ka tuƙa ka ga ko fitila za ta dawo.

Ka dubi bakin tsohuwar kafin ka yar. Baƙin toka alamar mai ya yi yawa ne, fari kuma yakan nuna gam mai silikon ko ruwan lagireto na shiga inji. In ba ka gyara wannan ba, sabuwar ma haka za ta mutu, kuma wanke ta da fetur ko feshi ba ya dawo da ita.