Yadda za ka haɗa jota mai hoton kwalkwalin sojan Rum

Jotar biki dai a Bauchi kowa fure da hoton amarya, to ga wata dabara ga masu ƙungiyar tarihi a makarantu ko masu rabon kyauta ranar yaye ɗalibai, a sa kwalkwalin sojan ƙasa na daular Rum a bango, yara maza har rububinta suke.

Aikin duk yana wajen zaɓen hoto. In ka bincika a Google da yawan abin da zai fito maka na Girkawa ne, wanda ya rufe fuska ruf sai ido da ɗan tsagi, kar ka ɗauka. Na Rum fuskarsa a buɗe take, yana da marufin kumatu biyu masu lilo da faffaɗan baki ta ƙeya mai kare wuya, kunne kuma a waje don soja ya ji umarni. Tsohon samfurin shi ne Montefortino, na tagulla mai ɗan tsini a ka, sunan wajen da aka tono shi ne a Italiya. Amma ni a ganina wanda ya fi cika bango shi ne Imperial Gallic na ƙarni na 1 miladiyya, na baƙin ƙarfe, da zanen gira biyu a goshi, wallahi kamar yana hararar ka. In ka ga mai ƙarafa biyu sun gitta a tsakar ka, na wajen zamanin yaƙin sarki Trajan da mutanen Dacia (yankin Romaniya ta yau) ne, shekara ta 101 zuwa 106 miladiyya, takobin 'yan Dacia mai lanƙwasa yana huda kwalkwali shi ya sa aka ƙara.

Tukkun gashin doki kuma, irin yadda namu 'yan lifidi ke sa gashin jimina ranar hawan Daushe, a kwalkwalin shugaban sojoji 80 gicciye yake daga kunne zuwa kunne, kar mai zane ya juya maka shi.

Sauran mai sauƙi ne. Ɗauko hoton a Wikimedia Commons, wato rumbun hotuna na intanet, ka duba sharaɗin amfani da shi, ka kai wa mai firintin a filash, kar ka tura ta WhatsApp don zai dusashe. Girman A5, bango kati mai kauri a yi masa lamineshan, bayan bango layi uku na bayani da Hausa. Ka ce sai ya buga maka ɗaya ka gani kafin ka ba da kafin alƙalami, don ja yakan fito ruwan ƙasa in tawada ta yi ƙasa.