Yadda ɗalibi zai haɗa ƙwayoyin ƙarfe masu bin maganaɗisu don aikin kammala digiri

Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Birnin Kebbi, Aliero ko Gusau zai iya haɗa ƙwayoyin Fe3O4 (sinadarin ƙarfe da oksijin) masu girman kusan nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) ba tare da manyan na'urori ba. Ƙanƙantarsu ce amfaninsu: suna bin maganaɗisu, amma da zarar an janye shi sai su saki juna. Shi ya sa ake amfani da irinsu wajen fito da hoton MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti), ake kuma binciken ɗora musu magani a ja shi zuwa inda ciwon yake.

A fara tafasa tataccen ruwa mililita 100 don korar iskar oksijin, a rufe shi ya huce. A narkar da gishirin ƙarfe iri biyu a cikinsa: giram 5.41 na FeCl3·6H2O da giram 2.78 na FeSO4·7H2O, wato kashi 2 da 1 a lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari). A dumama zuwa digiri 80 na Celsius, ana juyawa da ƙarfi, sannan a zuba amoniya mai ƙarfin kashi 25 cikin ɗari, kimanin mililita 15, har pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya kai 10 zuwa 11. A yi wannan inda ake zuƙe tururi, da tabarau da safar hannu. Nan take ruwan zai koma baƙi wuluk.

Launin nan ne alƙali. Idan ya fito ruwan ƙasa kamar tsatsa, oksijin ya shiga, ko kuma gishirin FeSO4 ɗin ya lalace tun a kwalba. Lafiyayye kore-shuɗi yake, in ya yi rawaya a bar shi. FeCl3 kuwa yana shan danshi, musamman da damina, sai awo ya yi ƙarya. A auna da sauri, a rufe kwalbar. Kada a fara sai an tabbatar da wuta ko janareta, domin in injin juyawa ya tsaya, ƙwayoyin kan fito manya da ƙanana.

Bayan minti 30 a zuba sitirik asid giram 1, a ci gaba da juyawa awa ɗaya. Rufin da asid ɗin ke yi wa ƙwayoyin ne ke hana su dunƙulewa, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin sakaci. A ɗora kwalbar kan maganaɗisu mai ƙarfi, a tsiyaye ruwan sama, a wanke ƙwayoyin har pH ya sauko 7, a busar a digiri 60.

A gwajin XRD (gwajin X-ray da ke gano tsarin sinadari) da hasken tagulla, a nemi babban tsini a zanen sakamakon wajen kusurwa mai digiri 35.5. Gwaji a jikin dabba kuwa sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike.