Yadda za ka zaɓi waƙar gwaji don wasan dandamali mai waƙe-waƙe

1. Fara da karanta sanarwar gwajin sosai, wato gwajin da ake yi don tantance waɗanda za su fito a wasan. A gidajen wasa na Broadway a New York da West End a Landan, galibi gaɓa 16 ko 32 ta rubutaccen kiɗan ake nema, wato kusan rabin minti zuwa minti ɗaya.

2. Nemi labarin wasan da halin wanda kake son fitowa a matsayinsa. Zaɓi waƙa mai salo da zamani irin na wasan, amma kada ka ɗauko daga cikinsa sai an ce a yi hakan.

3. A nan aikin yake. Wasa mai nauyi yana son waƙar da mai rera ta ke neman wani abu a wurin wani: gafara, amsa, ko a daina guje masa. Karanta baitocin da baki, ba kiɗa. Da wa kake magana? Me ya sauya tsakanin farko da ƙarshe? In babu abin da ya sauya, ajiye ta, komai daɗinta. A ganina, masu tantancewa sun fi tuna wanda ya sa su yarda da labarin a kan wanda ya ƙure murya.

4. Gwada ta da safe, muryarka ba ta gama buɗewa ba. In ka kai ƙololuwarta ba tare da dishewa ba, ta dace da kai.

5. Tanadi ta biyu mai sauri, ko za a nema.

6. Yi wa mai kaɗa fiyano alama a takardar kiɗa, inda zai fara da inda zai tsaya, kuma ka nuna masa saurin da kake so kafin ka hau.