Kafin ka kafa saba a kamfaninka, ga yadda zaka yi lissafin

Yawancin masu kamfani farashin injin kawai suke tambaya, alhali kashe kuɗi akan saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke ajiye bayanai a kanta) sai bayan an kunna ta yake farawa. Ka fara da wannan: in ta tsaya awa ɗaya, kashiya ba ya iya fitar da rasit, mai sito bai san kayan da suka rage ba, nawa ka yi asara? In mai kafa maka ya ce zata yi aiki 99% kar ka ji daɗi, wannan fa sama da kwana 3 kenan a shekara tana kashe, 99.9% kuma kusan awa 9.

Sai manhajar. Windows Server bisa yawan core (sassan da ke yin lissafi a cikin ƙwaƙwalwar injin) ake biyan lasisinta, mafi ƙaranci 16, sannan ga CAL, wato lasisin shiga saba, na kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta da zata shiga, kuma farashin dala yake bi. Ubuntu Server LTS, wadda nau'in manhajar Linux ce, kyauta ce, da gyaran tsaro na shekara 5, saidai in ba wanda ya iya Linux a kusa dakai to abinda ka tsira dashi a lasisi a hannun injiniya zai ƙare. Ni dai shawarata ka ɗauki wadda yaron ofis ɗinka zai iya tayarwa da kansa ranar Asabar ba sai an jira wani daga Legas ba. Kuma don Allah a daina saka manhajar kirak (ta sata, mara lasisi) akan bayanan kwastomomi.

Ka duba ranar da za'a daina yi wa manhajar gyaran tsaro. Windows Server 2012 R2 tun Oktoba 2023 aka daina, CentOS 7 (wani nau'in Linux) kuma ƙarshen Yuni 2024. Afdet ma kar a riƙa ɗagawa, WannaCry, muguwar manhajar da ta durƙusar da asibitoci a Ingila a Mayun 2017 tun Maris Microsoft ta fitar da maganinta, sakawa ne ba'a yi ba.

Wuta kam sai ka sa UPS (batirin da ke riƙe saba in wuta ta ɗauke) tsakanin saba da infata ko janareta, ɗakin ya samu sanyi, a riƙa hure ƙura musamman da hunturu.

Hard disk biyu a RAID 1 (tsarin da ke rubuta abu ɗaya a kan duka biyun) yana cetonka in ɗaya ya mutu, amma ba bakof (kwafin ajiya daban) bane, abinda aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan. Ka ajiye kwafi 3, ɗaya a wajen ginin, duk ƙarshen wata ka zaunar da yaron ya dawo da fayil ɗaya a gabanka ka buɗe ka gani.