Yadda za ka gano kuɗin da injin ƙera roba ke ci a awa ɗaya

Ko bokiti kake yi a Sharaɗa ko murfin kwalba a Bompai, lissafin ɗaya ne.

1. Haɗa kuɗin sayen injin da dako da kafawa. Raba da shekarun da kake sa ran zai yi, sannan ka raba da awannin aikinsa a shekara. Awannin gaskiya fa, ban da lokacin canza mazubi da ranakun gyara.

2. Wuta, nan ne kuɗi ke zurarewa. Kada ka ɗauki lambar da ke jikin injin, wannan iyakar ƙarfinsa ce. Sa mita ka auna yunit nawa yake sha a awa yana cikin aiki, ka ƙara na injin sanyaya ruwa da kwamfuresa. Ninka da farashin yunit. In janareta ne, kowane yunit na cin kusan lita 0.3 na dizal, kuma ya fi haka idan lodi bai cika ba. Lissafa awannin NEPA daban, na janareta daban.

3. Albashin mai tsaron injin: raba na wata da awannin aikinsa. In yana kula da injuna biyu, rabi ne.

4. Gyara, man haidirolik da hayar wuri na shekara, raba da awanni.

5. Tara su. Idan zubi ɗaya daƙiƙa 30 ne, zubi 120 ke nan a awa. Don sanin kuɗin kowane kaya ɗaya, raba jimillar da adadin kayan da suka fita lafiya a awa. Kuɗin ƙwayar roba da injin ke narkarwa kuwa a kan kilo ake lissafa shi, daban.